Ƙasar Ƙofar Gida

Tremont, Bronx
8 ga Satumba

Zuwa ga baiwata Zuweira, Madam mai ritaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da akuyar nan taki mai cin takardun 'yan lakkol, yaran makaranta. Yaya ƙarshen damina a Damagaram, gero ya yi kai? Ki gaida ƙanenki Nasser da iyalinsa. Duk wanda ya tambaye ni ki gaishe shi, wanda bai tambaya ba ki bar shi da halinsa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da take sanar da ni zuwan sanyi tun kafin masu talabijin su sani. Ina nan Fordham Road da teburina, hula da bel da rigar waya, ina yi wa jama'a ciniki da Turancin da ni kaina ba na ganewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayarki lasifikar masallaci ce. Saƙon da na turo miki bara a kan maganin basir, har mai ƙosan ƙofar gida sai da ta aiko mini da sannu. Shi ya sa na sayi biro. Na san za ki ɗauko naki ja ki bi ni layi layi, to ki tuna aji huɗu na yi kafin malaminmu Mushe Garba ya ce in je in taimaki ƙasa ta wata hanyar. Hajiya Safiatou mai shago a titi na 116 ce za ta miƙa miki, ita za ki ba amsa idan za ta juyo.

'Yarki Hidaya ce da aike. Kin san tun rasuwar mahaifiyarta Raudatu, shekara huɗu ke nan, daga ni sai ita a gidan. Ta yi mini Turanci, in mayar mata da Hausa, mu haɗu a tsakiya wajen tukunyar shinkafa. Ta cika ashirin, karatun jinya na tafiya daidai, ba ta yawo. Sai dai kwanan nan idan ta dawo takan rufe ɗaki, wani wari kamar na gam ɗin masu facin taya yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Jiya ta fito da kanta ta zauna kusa da ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce in roƙi Goggo abu uku.

Na ɗaya, jar ƙasa cikin gwangwanin tumatir, daga ƙofar gidanmu na Birni, daidai inda Nasser da abokansa 'yan kabu-kabu suke jingine motocinsu, wato baburansu. Na biyu, ɗan ƙyalle daga tsohon rawanin da Nasser yake naɗawa idan zai hau moto. Na uku, hotonsa, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe.

Na tambaye ta na mene ne, ta ce wani aiki take yi, sai ta gama zan gani. Ina jin na makaranta ne. Mutanen nan har kashin tsuntsu suna karantawa. Ki daure ki haɗo, tunda ke baiwa ce aike ba ya yi miki nauyi.

Ubangidanki,
Hamidou


Birni, Damagaram
29 ga Satumba

Hamidou, bawan gidanmu,

Takardarka ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya, gero ya yi, akuya ta haihu biyu. Kurakuranka goma sha bakwai ne, na ƙirga na ajiye, domin yau ba ta su nake ba.

Shekara ashirin da shida a Amerika sun wanke maka kai har ka manta inda ka fito? Sake karanta abin da ka rubuto da hannunka. Ƙasar da mutum yake takawa kullum, tufar da ta sha guminsa, da hotonsa. Ko yaron goye a unguwar nan ya san gidan wa ake kai waɗannan uku, kuma ya san ba lakkol ba ne. Na koyar shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin darasin da ake yi da sawun mutum ba.

Ban ce Hidaya muguwa ba ce. Na riƙe ta wata biyu lokacin da suka zo da mahaifiyarta, tana 'yar shekara goma sha biyu, yarinya ce mai shiru da lura. Amma mai shiru ake samu a saka a hanya. Wa take bi? Wa ya ce ta nemo? Me Nasser ya tare wa wani a New York, mutumin da ko Niamey sau biyu ya taɓa zuwa?

Ban ɗebi komai ba, kuma ban faɗa wa Nasser ba. Kai kuma ka bar wasa. Ranar da ta tafi makaranta ka shiga ɗakin nan ka duba da idonka, ƙarƙashin gado, cikin akwati, bayan madubi. Ka rubuto mini duk abin da ka gani, kada ka rage don kare ta, kada ka ƙara don ka ba ni dariya. Ita kaɗai Raudatu ta bar maka. Idan wani ya riga ka kama hannunta kana can kana sayar da bel, ba ka da abin faɗa ranar gobe.

Gwiwar kuma ka rinƙa shafa man shanu da ɗumi.

Uwargijiyarka,
Zuweira


Tremont, Bronx
20 ga Oktoba

Zuweira,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Barka da haihuwar akuya, Allah ya raya, ya sa su fi uwarsu tarbiyya. Gwiwa da sauƙi. Man shanun nan na kanti ne, na shafa na ji kamar burodi.

Da na karanta takardarki na yi dariya har maƙwabcina mai sayar da turare ya leƙo. Da na hau bas zuwa gida dariyar ta fara raguwa. Kafin in sauka babu ita.

Ranar Alhamis, sha bakwai ga wata, na shiga ɗakin da hantsi, da bisimilla da ƙafar dama, kamar ɓarawo a gidan da nake biya wa haya. Ga abin da na gani, ban rage ba ban ƙara ba. Tebur da fitila mai madubin ƙara girma. A kansa mutane goma na roba, kowanne bai wuce babban yatsana ba, kowanne a kan moto, moton a manne kan ɗan faifai. Shida baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, mutum da moto, ko ido babu. Huɗu an fara yi musu launi. Gefe ga reza mai kaifi, ga ɗan abin huda siriri kamar allura, ga waya a yanke guntu guntu. Sai gwangwanin sardin, na buɗe, kawuna ne a ciki, Zuweira. Kawunan mutane, sun fi ashirin, wasu da gemu wasu da hular kwano, duk suna kallona.

Na ɗaga ɗaya na juya faifan. An rubuta Rashidu da farin fenti. Na gaba Laouali. Na gaba Mamane Dogo. Duk 'yan kabu-kabun ƙofar gidanmu, har da gurgun nan Illo da moton da ba ya tashi sai an tura. Kowanne an huda wuyansa an soka waya, an ɗora kai a kan wayar. Na Nasser kuwa ba kai, an cire an ajiye gefe, wayar kawai ke tsaye a wuya. Akwai na goma sha ɗaya a naɗe cikin auduga a kwalin ashana babba. Wannan ban buɗe ba. Jarumtata ta ƙare a na goma.

Ranar Asabar da azahar ta zuba su a akwati ta fita, na bi ta. Ki hango ni da hular sanyi har gira, cikin jirgin ƙasa, tiren D, ina ɓuya bayan jaridar da ban iya karantawa ba. Ta sauka can ƙasan Manhattan ta shiga wani shago da ake gangarawa da matakala. Na durƙusa a bakin taga kamar mai ɗaure takalmi, takalmin kuwa silifa ne. Na ga faffaɗan tebur an yi masa duwatsu da rusassun gidaje da hanya. Ƙarti sun kewaye shi, gemu gemu, wani da zane a fatar jiki har wuya. Hidaya ta jera mutanenta, wani baƙin mutum mai furfura ya jera nasa a ɗaya gefen. Sai ya watsa 'ya'yan ludo a tebur, kowa ya sunkuya yana karanta abin da suka ce, yadda bokan Garin Malam yake yi da wuri. Ya ɗauko tef irin na tela ya auna daga nasa zuwa Rashidu. Ya sake watsawa. Sai Hidaya ta kwantar da Rashidu a gefensa, suka yi dariya. A nan wata tsohuwa da kare ta tambaye ni ko in kira mini motar asibiti, na tashi na kama hanya.

Da yamma na zagaya na ce mata, mutanen nan na cikin akwati fa? Ta dube ni ta ce gem ne, Baba, wasan yaƙi ne na 'yan moto, kowa yana haɗa rundunarsa ya yi mata fenti. Ta ce in zo Asabar in gani. Na ce Asabar ranar ciniki ce. Gaskiya tsoro na ji, kada in je a auna ni da tef.

To ga shi, Madam. Ni dai na san dara, na san ludo, na san karta, ban san wasan da ake yanke kan kawun mutum ba. Amma fuskarta a wurin nan, rabon da in ga tana dariya haka tun uwarta na da rai. Ki faɗa mini abin da kika gani, ke mai ilimi.

Hamidou


Birni, Damagaram
14 ga Nuwamba

Hamidou,

Muna gaisuwa. Takardarka ta yi sati uku a hanya, ta zaga ta Maradi a jakar wani. Da ta iso da wuri ma ba abin da za ta hana.

Nasser ya faɗi da moto a gangaren Kasuwar Dole. Ƙashin kafaɗa ya karye, kai ya fashe, ɗinki tara. Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. Yanzu yana gida, an yi ɗori, yana cin abinci. Ranar Juma'a ce, sha takwas ga Oktoba. Ka koma ka duba ranar da ka ce ka ga an cire masa kai an ajiye gefe. Ni na duba, na sake dubawa, na cire tabarau na goge na sake dubawa.

Akwai laifina a nan, zan faɗa. Da na karanta wurin, na yi salati, matar Nasser tana zaune ta ce lafiya, na karanta mata. Kafin la'asar matan Rashidu da Laouali suna tsakar gidana. Rashidu ya kwana uku bai fita aiki ba, ya ce shi aka kwantar. Matar Nasser ta rantse Hidaya ba za ta sake taka gidan nan ba, ita da duk abin da za ta haifa. Gidan kakanta ne, Hamidou. Ina tare bakuna, amma hannuna biyu ne.

Ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka zare wayoyin nan daga wuyansu duka, da bisimilla. Ka wanke su da ruwan magarya, ka ƙone. Kada ka yi mata magana kafin ka yi, domin wanda ya sa ta zai ce ta ɓoye. Idan an yi hutu ka sako ta jirgi ta zo wurina, in kai ta a yi mata addu'a, mutane su gani da idonsu an yi. In ba haka ba, sunanta ya lalace a dangi, kai kuma ka tsufa kai kaɗai a kan teburin bel.

Ba na jin daɗin rubuta wannan.

Zuweira


Tremont, Bronx
1 ga Disamba

Zuweira,

Ina gaisuwa. Ki yi wa Nasser sannu, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Lafiyata ƙalau idan jiki ake tambaya.

Na yi abin da kika ce. Na sayo magarya a 116, na ɗauko filayar da nake gyaran bel, na zauna a teburinta da rana tsaka. Wayoyin ba sa zaruwa da daɗi, ta manne su da gaske. Kan Laouali ya tsage biyu. Hannun Mamane Dogo ya taho da kan moton gaba ɗaya. Akwai ɗan rawani da ta murɗa wa Illo da wani abu kamar cingam, har da ninkinsa, siriri kamar zaren ɗinki, ya murƙushe a yatsana. Na zuba su a roba da ruwan magarya. Ƙonawa ce ban yi ba, domin na'urar hayaƙin gidan nan ko ƙosai ka soya sai ta tara maka 'yan kwana-kwana. Na cikin audugar kuma har yanzu na kasa taɓawa.

Ina tsaye da robar a hannu Hidaya ta shigo. Ta dubi robar, ta dubi filaya, ta dube ni. Na fara bayani, na ce kawunki Tonton Nasser, na ce ranar Juma'a, na ce Goggo. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da Hausa ta yi magana, Hausar da na shekara ina roƙon ta yi mini.

"Na ce ka zo ka gani. Ba ka zo ba."

Ta ɗauki kwalin ashanar da jakar makaranta ta tafi gidan ƙawarta Efua. Yau kwana goma sha ɗaya. Tana amsa waya, ta ce lafiya, ta kashe.

Asabar ta farko na rufe tebur na tsame gawarwakin na zuba a leda, na tafi shagon da niyyar in ci kwalar bokan nan mai furfura. Na same shi yana cin burodi da sardin. Sunansa Kwabena, direban bas ne, a Zangon Kumasi ya tashi, yana jin Hausa irin tasu wadda ba ta san mace ba, kowa shi ne. Da ya ga abin da ke cikin ledar sai ya ajiye burodin. Ya ce, "Alaji, wata bakwai yaronka ya yi a kan wannan."

Ya zaunar da ni ya ɗauko sabon kwali ya nuna mini. A gutsuttsure suke zuwa, a jikin wani firam na roba, kai ne za ka yanko ka kankare ka haɗa. Kawunan da ke zuwa a kwalin duk na Turawa ne masu tsayayyen gashi kamar zakara, shi ya sa take yanke su ta nemo wasu ta yi musu rawani da hannunta. Gam kaɗai ba ya riƙe sabon kai, da ya faɗi daga tebur ya fita, don haka ake huda wuya a sa waya. Baƙin fenti shi ne na fari, a kansa sauran launi suke kamawa. Sunan da ke ƙasa don kada naka ya ɓace cikin na wani. Faifan kuma ana shafa masa gam a barbaɗa ƙasa, don a ga kamar a hanya moton yake. Kowa yashin kanti yake sawa, ita ta ce nata ba za su taka ƙasar kowa ba sai tasu. Kan Nasser kuwa sau uku tana yi tana cirewa, ta ce bai yi kama da shi ba, hoto take jira. Hoton da muka hana ta, ni da ke. Akwai gasar fenti a shagon ƙarshen Janairu, ita ta sa a gaba.

Na ce to me ya sa 'yan kabu-kabun ƙofar gidanmu, duk 'yan moton duniya? Ya ce ashe ban ga shugabansu ba. Ya nuna mini hoto a wayarsa, na cikin audugar ne. Moto ne mai ɗauke da mace a tsaye a baya, mayafi na tashi, baki a buɗe, ta ɗaga rula sama kamar takobi. Har tabarau. A ƙasan faifan an rubuta Goggo.

Ya ce ta ba su labarin. Ranar da Raudatu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gidanmu na Birni, farkon ciwon nan, babu mota a unguwa. Kika fito ƙofar gida kika daka wa 'yan kabu-kabu tsawa, goma suka tashi a tare. Rashidu ya ɗauki Raudatu, mutum ɗaya na riƙe da ita ta baya, aka ɗora Hidaya a na Illo, ke kina gaba a bayan Nasser kina kore mutane daga hanya har asibiti. Ni ina nan ina sayar da hula ranar. Ban taɓa sanin ta riƙe sunayensu ba, duk goman.

Yanzu ni ma in tambaye ki abu ɗaya, kuma ki amsa kamar yadda kike sa yara su amsa. Moton Nasser yana da birkin baya? Domin zuwana na ƙarshe da silifa yake tsayar da shi.

Ba zan sako ta jirgi ba. Ko na so ma ba ta gidana. Asabar biyu ke nan ina zuwa shagon, Kwabena na koya mini huda wuya. Na manna kan Rashidu yana kallon baya.

Hamidou


Birni, Damagaram
27 ga Disamba

Hamidou,

Muna lafiya, Nasser ya fara ɗaga hannu. Na karanta masa takardarka, wannan karon da gangan, gaban matarsa da matan Rashidu da Laouali. Da na kai wurin birki ya sunkuyar da kai. Matarsa ta ce ba ka ce mini ka gyara ba? Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne. Da ƙura ta lafa ya yi ta dariya har kafaɗa ta motsa, ya ce a tambayi Hidaya ko sabon moto ta ba shi ko tsohon. Shi ya sa aka ɗauke shi hoton da ke ciki, gaba da gefe, da ɗinkinsa. Illo ya yi kuka da ya ji an yi masa rawani.

Ban ce na yarda duka ba. Ranar Alhamis da ranar Juma'a suna nan inda suke, ban iya raba su a kaina ba. Matar Nasser ta janye rantsuwa rabi, ta ce ƙasar sawun mijinta dai ba za ta ƙetare teku ba, kullum da safe sai ta share wurin ta yayyafa ruwa. Ban yi mata musu ba.

Ƙullin da Hajiya Safiatou za ta ba ka, daga bakin ƙofar ɗakina na ɗebo, inda nake sauke ƙafa kowace safiya shekara arba'in. Na ɗebo gaban matan nan duka. Ƙyallen kuma daga mayafina ne. Na ce musu idan abin nan wasa ne, yarinya ta samu ƙasar gidan kakanta. Idan ba wasa ba ne, ni zai samu, kowa ya zuba ido a kaina ya bar ta.

Ka faɗa mata ni na sa ka, kai ba ka da wayon yin wannan kai kaɗai. Ka faɗa mata kuma akwai kuskure. Ba rula ba ce a hannuna ran nan, muciya ce, tuwo nake tuƙawa.

Zuweira


Tremont, Bronx
19 ga Janairu

Baiwata Zuweira,

Gaisuwa da fatan kin tashi da dukkan gaɓoɓinki. Saƙo ya iso. Hajiya Safiatou ta ce ba a shigowa da ƙasa ƙasar nan, don haka ta juye ta a kwalbar yaji ta jera cikin yajinta. Ban sani ba, saura kaɗan in barbaɗa ƙofar ɗakinki a kan tsire.

Asabar ta uku ina shagon, na sunkuya ina fama da wuyan Laouali, harshe a waje, sai na ji mutum a tsaye a kaina. Hidaya ce. Can ta ce ba haka ake riƙewa ba, ta karɓe abin hudar daga hannuna ta ja kujera. Ban ba ta haƙuri da kyau ba, na fara ina kame-kame, Kwabena ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Ranar da na ba ta kwalbar na karanta mata takardarki, da ƙyar, kin san ni da karatu. Ta buɗe ta shinshina ta riƙe a ƙirji. Washegari ta dawo gida da jakarta.

Bakwai muka ceto cikin goma, sauran ba za su kai gasar ba, ta ce sai baɗi. Rashidu ta bar shi yana kallon baya, wai mai gadin runduna ne. Ni aka ba aikin barbaɗa ƙasa, shi kaɗai aka yarda da ni a kansa. Dukkansu yanzu a ƙofar ɗakinki suke tsaye.

Sai dai in sanar da ke tun da wuri, kada takarda ta sake zagawa ta Maradi. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, an yanke hannunki na dama da reza an sa wani mai muciya. Ina wurin, ni na riƙe fitila. Ki duba naki ki rubuto mini.

Ubangidanki,
Hamidou

Ga ta nan ta karɓe biron, kada ki sa mata ja.

Goggo ina wuni. Na gode da ƙasa. Kada ki ji tsoro, wuyanki waya biyu na sa, ko kin faɗi daga tebur kanki ba zai fita ba. Zan zo da rani in nuna miki. Hidaya.